Kitson Tabita

Kusan kowane wata sai an kawo mini wata yarinya da ta gama sakandare, a ce in koya mata aiki. Za ta zo da dogon farce da waya a hannu, ta ce, "Mama, ai raino ne kawai, ni na raini ƙannena huɗu." Sai in ce ta je ta yanke farcen, ta bar wayar a gida, ta dawo gobe. Da yawansu ba sa dawowa. Saboda masu dawowar ne na yarda a rubuta wannan. Ni ban yi boko ba, da baki nake faɗa ana rubutawa. Amma na haura shekara ashirin ina kula da yaran da likitoci ke cewa suna da otizim, abin da na ji masu rediyo suna kira galahanga. Sunana Rifkatu. 'Yar Fadan Kaje ce ni, aure ya kawo ni Kafanchan. Maigidan ya rasu, aikin ya riƙe ni.

Aikina na farko a gidan wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ne, kowa Mama Nas yake ce mata. Don wanki da shara ta ɗauke ni. Tana da ɗa, Bulus, shekararsa goma sha tara a lokacin, bai taɓa yin magana ba. Ranar da na fara, na tarar da ƙaton saurayi zaune a ƙasa yana jera cokula. Na sunkuya na kwashe su don in share wurin. Ihun da ya yi, sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Mama Nas ta fito, ba ta yi mini faɗa ba. Ta karɓi cokulan ta mayar da kowane inda yake, sannan ta jawo kujera 'yar tsuguno ta ajiye a bakin ƙofa.

"Zauna nan," in ji ta. "Kwana uku. Kada ki taɓa shi, kada ki yi masa magana. Ido kawai."

"Mama, wankin fa?"

"Wanki ba shi da ƙafa. Ke dai ki gaya mini abin da ya faru kafin ya yi ihu. Abin da ya biyo bayan ihu, akuya ma ta gani."

Shekara shida na yi a hannunta, kuma duk abin da na koya daga waɗannan kwana ukun ya tsiro. Yaron nan ba ya ihu a banza. Akwai abin da ya taɓa shi, ko ƙara, ko wari, ko an sauya masa wurin kofinsa. Ba zai gaya miki ba. Ke ce za ki nemo.

Kayan aikina duka suna shiga jaka ɗaya. Akwai gwangwanin madara cike da murafun kwalba, ja da kore da ruwan ɗorawa, yaro ya zauna yana warewa har zuciyarsa ta kwanta. Akwai zanen saƙi mai nauyi, don wasu in ka lulluɓa musu a kafaɗa ka ɗan danna sai su yi shiru, wasu kuma ko gefensa ba sa so ya taɓa su. Akwai auduga ta toshe kunne ranar da ake buga ganga. Sai hotuna da na sa aka yanko mini daga tsofaffin kalanda aka manna a kwali: kofin ruwa, kwanon abinci, ban ɗaki, gida, gado. Yaron da bakinsa bai buɗe ba zai iya miƙo hoto. Ranar da yaro ya fara miƙo miki hoton kofi maimakon ya kwanta a ƙasa yana birgima, ranar kin ci kasuwa.

Yaran ba su ne wahalar ba. Iyaye ne. Na yi aiki a gidan da in an yi baƙi sai a kai yaro ɗakin baya a rufe. Na yi a gidan da ba dutsen addu'ar da ba a hau da yaro ba. Wani uba, babban ma'aikaci, ya tambaye ni a wata nawa ɗansa zai fara magana, kamar wanda ya kai ɗinki wajen tela. Na ce masa ban sani ba, kuma duk wanda ya ce ya sani ƙarya yake yi. Bai ji daɗi ba, amma bai sallame ni ba. Ku 'yan mata, ku koyi cewa ban sani ba. Ta fi alkawari arha, kuma ba ta komawa ta ciji mai ita.

Tabita tana da shekara huɗu aka kira ni gidansu. Uwarta, Malama Hannatu, tana aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ubanta yana koyarwa a Kauru, sai ƙarshen mako yake zuwa. An daɗe ba a gane halin yarinyar ba, kuma laifinmu ne mu manya. In babba ya yi mata magana ba ta ɗaga ido ta dube shi, sai a ce, "Kai, 'yar nan akwai kunya, akwai ladabi." A coci ma har nuna ta ake yi wa sauran yara. Sai da ƙanenta ya fara surutu ita ba ta fara ba, sannan aka kai ta asibiti a Jos, likita ya faɗa musu sunan abin.

Shekara biyu muka yi a gida ni da ita. Cin abinci da cokali ya ɗauke mu wata uku. Ban ɗaki ya fi haka. Tuwon masara kawai take ci, miya a gefe, kada ɗigo ɗaya ya taɓa tuwon. Na riƙa matso da kwanon miyar kaɗan kaɗan, yau faɗin yatsa, jibi faɗin yatsa, har ranar da ta tsoma da kanta. Da ta cika shekara shida tana da kalmomi 'yan kaɗan, tana miƙo hotuna, tana iya zama wuri ɗaya har a gama dafa shinkafa. Na ce wa uwarta lokacin makaranta ya yi.

Makarantu huɗu suka ƙi ta. Ta biyar, wata ƙarama mai zaman kanta a unguwarsu, ta karɓa, da sharaɗin zan riƙa zama a bayan aji. Shugabar makarantar, da kowa ke kira Madam, mace ce mai doka. Safa fara, takalmi baƙi, farce a yanke. Kowace Juma'a a asambili tana faɗar kitson da 'yan mata za su zo da shi ranar Litinin, wannan makon shuku, wancan kalaba, kuma wadda ta zo da wani daban sai ta koma gida. A da, gashin Tabita ɗaure shi kawai muke yi gida biyu, sako-sako. Da ta shiga makaranta sai muka bi doka. Kowace Lahadi bayan sujada a coci mu kai ta wajen mai kitso a bakin layi. Ni ce nake matse ta tsakanin gwiwoyina, mai kitso tana ja. Tana kuka, amma wace yarinya ce ba ta kuka wajen kitso? Mu ma haka aka yi mana.

Wannan shekarar ce ta fi ba ni wuya a duk aikina. Yarinyar da na sani a gida ta ɓace. Ranar Litinin tun daga sa yunifom take fara ihu. A aji ta mari kanta, ta watsar da littattafan yara, ta shige ƙarƙashin tebur ta ƙi fitowa. Talata haka. Laraba da ɗan sauƙi. Alhamis da Juma'a kuwa ta zauna lafiya, har ta bi malama da bakinta in ana ƙirga. Litinin ta zagayo, a koma gidan jiya.

Kowa da fassararsa. Malamar ajin, Anti Rahila, yarinya ce mai ƙoƙari amma mai saurin baki, ta ce uban Tabita ne ke shagwaɓa ta in ya zo ƙarshen mako. Matan zumunta na cocinmu suka ce a'a. Shugabarsu, Mama Talatu, ta ce abin a fili yake, mugun ruhu ne yake jin zafin addu'ar Lahadi, shi ya sa yake tashi ranar Litinin. Maganinsa a ƙara masa wuta. Sai suka riƙa zuwa gidan su uku kowace Litinin da sassafe, su kewaye yarinyar, su ɗora mata hannuwa a ka, su danna, suna addu'a da ƙarfi. Tana ƙara ihu, suna cewa, "Yauwa, yana ji, yana ji!" Matan kirki ne, da zuciya ɗaya suke yi. Ni ma ina tsaye ina cewa amin.

A Litinin ta tara, Anti Rahila ta dafa kan Tabita don ta juyo da ita ta kalli allo. Tabita ta kama hannun ta gantsara mata cizo har jini ya fito. Madam ta kira ni da Malama Hannatu ofis.

"Malama, na yi iya ƙoƙarina," in ji ta. "Iyaye uku sun zo sun same ni. Yau malama ce, gobe ɗan wani ne. Na ba ku zuwa ƙarshen wata. In aka sake, ku riƙe ta a gida."

Malama Hannatu jakarta kawai take murzawa. Ni da ita mun san ba makaranta ta shida. In Tabita ta fita daga nan, ta koma tsakar gida ke nan, ita da murafun kwalba, har girmanta.

Na koma kan abin da aka koya mini. Na ce wa Anti Rahila kwana uku ba zan sa hannu a komai ba sai in za a ji rauni. Na zauna ina kallo kamar ban taɓa ganin yarinyar ba. Talata na lura tana riƙe wuyanta a sandare, kamar mai ɗauke da tulu cike da ruwa. Lokacin hutu sauran yara suna kifa kai a tebur, ita ba ta bari kanta ya taɓa komai. Ranar Alhamis kuwa ta kifa nata ta yi kwance. Da safen Juma'a ta zura yunifom ta ka da kanta, rigar da ranar Litinin sai mu biyu muke sa mata. Sai na tambayi kaina, ranar cizo ina hannun Anti yake? A ka. Hannuwan matan zumunta fa? A ka. Me ake yi wa kan nan ranar Lahadi, wanda yake sakin jiki kafin Alhamis?

Na buɗe jakata na dubi hotunana. Akwai ruwa, akwai abinci, akwai gida. Babu hoton ciwo. Ko tana so ta faɗa, ban ba ta abin faɗa ba. Lahadi tara ni da kaina nake riƙe ta ana ja. Ku rubuta wannan yadda na faɗa, kada a gyara.

Na gaya wa uwarta ranar Asabar. Ta ce, "Haba Mama, kitso? Duk yaran makarantar fa ana yi musu." Ta ji tsoron a koro yarinyar saboda karya doka a makon da ake neman dalili. Ranar Lahadi na ce ba zan riƙe ba, sai ita ta kai ta, aka yi mata shuku, an ja shi har girarta ta ɗaga.

Litinin da ƙarfe goma, ihu ya yi ihu. Na ɗauke ta na kai ta bayan aji, gindin mangwaro. Na zube mata murafun kwalba a gabanta, na zauna a bayanta, na karyo tsinken tsintsiya. Daga ƙeya na fara tsefe kitson, layi ɗaya, a hankali, ba na bari yatsana ya taɓa fatar. Duk gefen goshinta ƙananan ƙuraje ne, irin waɗanda kowace yarinya ke yi in an ja kitso, ba wanda ke kula da su. Na farko ta ture hannuna. Na jira. Na biyu ta tsaya. Kafin in kai rabi ta daina kukan, tana ware ja daga kore. Da na warware na ƙarshe ta ja wani dogon numfashi, ta kwanta a kan zanena, ta ɗora kan a ƙasa. Bayan ɗan lokaci ta tashi da kanta ta nufi aji, gashi a tsaye kamar sheƙar tsuntsu.

A baranda muka yi karo da Madam.

"Mama Rifkatu! Wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa, Madam."

"Kin san dokar makarantar nan?"

"Na sani. Ki leƙa ajin tukuna, sannan ki kore ni."

Ta leƙa ta taga. Tabita tana zaune a kujerarta, ranar Litinin, tana jan layi da fensir. Madam ta daɗe a tsaye. Ta juyo ta ce, "Rana ɗaya ba hujja ba ce. Kuma ba zan bar yarinya da kai haka a makarantata ba. Ko kitso ko aski. Ku zaɓa kafin Juma'a."

Da yamma Malama Hannatu ta dawo daga aiki ta ga kan 'yarta, ta dafa ƙirji. Na faɗa mata duk yadda aka yi. Da ta ji maganar aski sai idonta ya kawo ruwa.

"Mama, 'ya mace ce fa. A ƙauyensu babanta, mace ba ta aske kai sai an yi mata rasuwa."

"Na sani, Malama. Mu ma haka ne a da."

"A yi mata sako-sako mana."

"Sako-sako ba ya kai Laraba, Madam za ta ce a sake. Kuma zaman kitson kansa fa? Gashi ko makaranta. Gashi yana tsirowa."

Ta kira maigidanta a Kauru, ta sa wayar a fili. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Hannatu, ni ma ba ni da gashi, kuma ina koyarwa. A yanke."

Ba mu je wajen mai aski ba, don ƙugin injin aski kaɗai ya isa ya ɓata mana mako. Almakashi na ɗauka. Na fara bari ta riƙe shi, ta ga ina yanke zare da shi, ta ga na yanke ɗan gashina. Sannan kowace yamma, tana ware murafunta, in yanke tafin hannu ɗaya in tsaya. Yamma uku muka yi. Ranar Juma'a ta je makaranta da kai gajere, ba daidai sosai ba, amma tsaf.

Saura matan zumunta. Litinin da sassafe suka iso kamar kullum, na tare su a bakin ƙofa.

"Ku shigo ku yi addu'a, muna so. Amma ba mai taɓa kanta, kuma a sassauta murya."

Mama Talatu ta dube ni sama da ƙasa. "Rifkatu, yau ke ce za ki koya mana addu'a?"

"Wane ni, Mama. Ni kan kawai nake gadi. Ubangiji ai kunnensa ba nauyi."

Ɗaya daga cikinsu ta yi dariya ta rufe baki. Mama Talatu ta yi tsaki, amma ta shiga, suka tsaya daga nesa suka yi addu'a a hankali. Tabita tana shan kokonta ba ta ko motsa ba. Da za su fita Mama Talatu ta ce, "Kun gani ko? Ya fita." Na ce, "Mun gode wa Allah." Ban ga amfanin gardama ba.

Kada ku ɗauka daga nan yarinyar ta zama wata daban. A wannan Litinin ɗin ta yi kuka da aka kaɗa ƙararrawa, ta jefar da fensir sau ɗaya. Otizim bai tafi da gashin ba, yana nan, da shi za ta rayu. Amma ba ta mari kanta ba, ba ta shiga ƙarƙashin tebur ba, ba ta ciji kowa ba. Litinin ta gaba ma haka. Anti Rahila ta koyi tsayawa a gabanta ta buga tebur da yatsa in tana son ta kalli allo. Ni kuma na sa aka zana mini fuskar yaro yana kuka, riƙe da kai, na ƙara a cikin hotunana. Tun daga lokacin kowane yaro na karɓa, da wannan hoton nake farawa.

Juma'ar ƙarshen wata na je ofis na tsaya a bakin ƙofa.

"Madam, wata ya ƙare."

"Ina da kalanda, Mama Rifkatu." Ba ta ɗago daga rubutunta ba. "Ki gaya wa uwarta zango mai zuwa akwai littafin zane, ta sayo da wuri. Kuma a kai kan nan wani ya daidaita shi, gefen hagu ya fi na dama."

A asambilin ranar ta ce mako mai zuwa kalaba ne, wadda kuma kanta ba ya ɗaukar kitso uwarta ta zo ta gan ta. Yanzu Tabita tana aji biyar a makarantar. Na daina zama a ajinta tun tana aji uku, wani yaro nake bi a aji ɗaya.

A hutun Kirsimetin shekarar askin, kakar Tabita ta wajen uba ta zo daga ƙauye. Ina tsakar gida ina tsince wake. Tsohuwar ta sauke kayanta, ta ga kan jikarta, ta tsaya cak, ta kama bakin ƙofa.

"Hannatu! Wa ya mutu ba a aiko mini ba?"

Malama Hannatu ta fito daga kicin tana goge hannu, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Ba wanda ya mutu, Mama. Makaranta take zuwa."